Murfi Mai Kunne Ɗaya

Shekara talatin da huɗu Sunkuye ya yi yana karanta mitar ruwa, kuma aikin ne ya raɗa masa sunan. Mitocin da aka ba shi duk a ƙasa suke, kowace a cikin ɗan rami a ƙofar gida, an rufe ta da murfin ƙarfe. Sai ka sa ƙugiya ka ɗaga murfin, ka durƙusa, ka goge gilashin da babban yatsa, ka haska tocila, ka rubuta abin da ka gani, ka mayar da murfi, ka nufi na gaba. Wanda ya yi haka sau ɗari da wani abu a yini, shekara da shekaru, wuyansa ba ya komawa yadda Allah ya yi shi. Ko gaisawa kake da Sunkuye, takalminka yake kallo. 'Ya'yansa sukan ce Baba bai san fuskar kowa ba a gidan, amma ka sake silifas ka gani, yanzu zai tambaye ka ina tsohon.

Yana ɗan shekara ashirin da biyu ya kama aikin, ta hannun mahaifinsa mai gyaran famfo. Sau biyu aka so a mayar da shi ofis, a ba shi tebur da fanka, sau biyun yana komawa titi kafin mako ya zagayo, wai kujera tana sa masa ciwon baya. Da ya yi ritaya aka ba shi agogon bango, shi kuma ya ƙi mayar da ƙugiyar. Ya naɗa mata roba a hannu ta zama sandarsa.

Cikin duk inda ya yi aiki, babu inda yake taƙama da shi kamar tsohon layi. Wata unguwa ce a gefen gari, gidajen bene ne tsofaffi masu jingine da juna, an gina su tun kafin a haifi kakansa. Yakan ce, "A ɗaure min ido a ajiye ni a layin nan, in ban kai ku gida-gida ba ku canza min suna." Lambar gida ba ta dame shi ba. Shi daga tsohon famfon ƙarfe da ke gindin layin yake farawa, ya hau tudu yana ƙirga murfi, kuma kowane murfi da sunan da ya sa masa. Akwai Mai Tsatsa, akwai Kurma wanda ko ka doke shi ba ya ƙara, akwai Gidan Tururuwa. Na goma sha bakwai a hannun dama shi ne Mai Kunne Ɗaya, don ɗaya daga cikin maɗaukansa biyu ya karye tun kafin zuwan Sunkuye.

A kan wannan murfin ya samo matarsa. Lokacin tana ɗinki a wani shago a saman bene, ita da wasu 'yan mata biyar, kowace da kekenta. Ta lungun baya suke shiga, don mai gidan ba ya son a riƙa yi masa zirga-zirga ta ƙofar gaba. Shekara ɗaya kacal ta yi a wurin aka rufe shagon. Ta-Sama yake kiranta, sunan kuma ya bi ta har bakin jikoki.

Babu ɗan gidan da bai haddace labarin haɗuwarsu ba. "Ina durƙushe a kan mita," in ji Sunkuye, "sai ga dunƙulen jan zare ya faɗo gefen hannuna. Na ɗaga kai." A nan yakan ɗan dakata. "Sai na ga taga koriya shar, ga tukunyar fure a gefe, ga farin labule iska tana kaɗa shi, ga uwarku a tsakiya."

To, zaren dai ya faɗo, wannan babu ƙarya. Amma Sunkuye bai ɗaga kai ba. Ɗauka ya yi ya ajiye a bakin rami ya ci gaba da karatunsa. Wata na biyu wani zaren ya faɗo, ya ajiye. A wata na uku ma zare ya faɗo, bai jima ba sai ga ƙafafu biyu a gabansa cikin shuɗin silifas, wata murya ta ce, "Malam, zarena." Bayan aurensu da 'yan kwanaki ta tambaye shi, "Tun ranar farko ka gan ni a taga, ko?" Kunya ta kama shi ya ce, "Na gan ki mana." Shi ke nan, ya ɗaure kansa. Da yara suka zo suna tambayar yadda tagar take, ya shafa mata koren fenti. Tukunyar furen ta shigo wajen shekara ta goma, labulen kuma bayan haihuwar Auta. Shekara arba'in da biyu yana gyara tagar da bai taɓa gani ba, kuma duk ranar da ya ba da labarin sai ya kwana yana jin haushin kansa.

Ganin Ta-Sama ya fara tsukewa ne daga gefe-gefe. Da farko tana cin karo da bakin ƙofa, daga baya ta daina ganin wanda ya zauna kusa da ita sai ta juyo gaba ɗaya. Likita ya ce ana iya rage wa ciwon gudu, ba a iya tsayar da shi. Keken ɗinkinta aka lulluɓe da zane. Sunkuye ne mai ɗiga mata magani safe da yamma, kuma aikin ya dace da shi, tunda kallon ƙasa ne.

Wata safiya yana tsaye a kanta da kwalbar maganin ta ce, "Baban Auta, kafin a rufe min shagon idon nan gaba ɗaya, ina son in ga tagar nan taka. Ni ta ciki na san ta. Gwiwata ba za ta iya mota biyu da tudu ba. Ka je ka ɗauko min hotonta."

Maganin ya ɗiga a kumatunta.

"Wannan ai ba wani abu ba ne," in ji shi. "Layin da na sani kamar aljihuna."

Ya goge mata kumatun da yatsa. Ganin da ya rage mata kaɗan ne, ga shi ta zaɓi ta kashe shi a kan abin da shi ya ƙirƙira. Ya lallashi kansa da cewa murfin dai yana nan. In ya sami murfi ya sami gida, in ya sami gida dole akwai taga, in ba koriya ba ce sai a ce an sake fenti.

Auta, 'yarsu ta ƙarshe wadda ke zaune da su, ita ta ba shi wayarta. Ta koya masa sau huɗu. "Ka ga farin da'irar nan, Baba? Ita kaɗai za ka danna. Kuma don Allah sama za ka nuna ta. Ba hoton kwata Mama ta ce ba."

"Ke, ina riƙe da tocila tun ba a san za a haife ki ba."

"Tocila daban, waya daban."

Rabonsa da tsohon layi shekara goma sha ɗaya. Motar ta sauke shi a wata sabuwar tasha da bai sani ba, ya bi mutane ta wani lungu, sai ga shi a layin. Ya tsaya cak. An cire tsohon daɓen an shimfiɗa duwatsu masu kusurwa huɗu, sumul, kamar an goge da dutsen guga. An yi wa gidajen fenti, an liƙa wa kowanne ɗan allon tagulla mai bayanin wanda ya gina shi. Baƙi sun cika wurin, kowa da kyamara ko waya, kowa ya wage baki yana kallon sama. Shi kaɗai ke kallon ƙasa, kuma ƙasan ba ta san shi ba. Babu Mai Tsatsa, babu Kurma. Wasu 'yan ƙananan murafai ne baƙaƙe, duk kamarsu ɗaya, babu ko ramin da za a sa ƙugiya. Ya taɓa jin cewa mitocin yanzu da kansu suke aika karatu ofis, bai dai yarda ba sai yau.

Can ya hango famfon. Wayyo, har da sauri ya ƙarasa, kamar ya ga ɗan'uwa a tasha. An yi masa baƙin fenti an kewaye shi da sarƙa, amma shi ne, ga dogon hannunsa nan mai lanƙwasa. Sunkuye ya juya masa baya, ya gyara riƙon ƙugiya, ya fara ƙirga a hannun dama.

Tun a murfi na uku gwiwoyinsa suka fara yi masa gardama. Su abin da suka sani, daga famfo hawa ake yi. Yanzu kuwa gangara suke. Ya tsaya, ya waiwaya, famfo yana nan. Ya dubi ƙafafunsa. Tudu dai ba ya juyawa. Ko an rage shi ne da aka yi sabon daɓe? Ana rage tudu har ya koma gangare? Ya ce a ransa tsufa ne, gwiwar da ta kai shekara sittin da bakwai ba a kafa shaida da ita. Ya ci gaba.

A na goma sha bakwai ya tsallaka ɗaya gefen layin, ya ɗaga wayar yadda Auta ta nuna masa, ya leƙa gilashinta. Sai ga taga koriya shar. Ga tukunyar fure a gefe. Ga farin labule, har iska tana ɗan kaɗa shi.

Sunkuye ya nemi dakali ya zauna. To, wannan kuma fa? Ke nan ya gan ta? Ko ya ɗaga kai a ranar, ya gani, ya manta ya gani, ya zo yana tsammanin ƙarya yake yi? Shekara arba'in da biyu yana zargin kansa a banza? Amma labulen ai ya san ranar da ya ƙara shi, Auta tana zazzaɓi yana so ta yi barci. Ta yaya labulen da ya ɗinka da bakinsa zai zo ya rataye a nan? Kansa ya ɗaure tam. Duk da haka farin ciki ya rufe shi, ya tashi ya yi ta danna farar da'ira har yatsansa ya gaji.

Da ya zo wucewa ta ƙofar gidan idonsa ya sauka inda ya saba sauka, murnar ta rage. Matakala biyu ce a ƙofar. Gidan Mai Kunne Ɗaya matakala uku gare shi, ta tsakiya da ɓalli a gefe, a nan yake ajiye tocila. Ya koma famfo ya sake ƙirgawa, ya sake zuwa koriyar taga. Ya koma karo na uku ya ƙirga a hannun hagu ko da ya manta hannu ne, ya ɓulla a ƙofar wani shagon sayar da katunan hoto.

Wata budurwa mai rataye da kati a wuya tana yi wa baƙi bayani. Ya jira ta numfasa ya ce, "'Yata, don Allah gidan can mai koriyar taga, ba a taɓa ɗinki a samansa ba?"

Ta duba takardarta. "Gidan wani alƙali ne, Baba. Shi ya gina shi, jikokinsa suka sayar."

"Tagar fa, tun da can koriya ce?"

"Bara aka yi fentin. Kwamitin unguwa ne ya zaɓi kala huɗu, kowane gida ya ɗauki ɗaya. Furannin ma su suka raba." Ta nuna da biro. "Ga wata koriyar can, ga wata, akwai biyu kuma a ƙasa."

Ya bi biron da waya. Ƙwarai kuwa, ga su nan reras, kowace da tukunyarta. Ya yi mata godiya, ya tafi bai san inda ya nufa ba. Mutumin da ya ce a ɗaure masa ido, ga shi ido biyu a buɗe, rana tsaka, ya ɓata a layin da bai fi taku ɗari huɗu ba.

Yana gangarawa yana jan ƙugiya sai ya ga wasu ƙafafu da ya sani. Manya ne, a baje, an take bayan takalmin, babban yatsan hagu ya hau kan na kusa da shi. Mai su yana zaune a benci a ƙofar shagon aski.

"Mai aski, kana nan da ranka?"

Tsohon ya ƙura masa ido. "Ina nan, bawan Allah. Sai dai ban waye ka ba."

"Shekara talatin da huɗu ina zuwa ƙofar nan duk wata."

"Ikon Allah. Ni kuwa ban taɓa ganin fuskar nan ba."

Ran Sunkuye ya ɓaci. Layi ya ƙi shi, yanzu mutanen layi ma sun ƙi shi. Ya juya zai tafi, ƙugiyar ta zame ta faɗi, ya sunkuya ɗauka.

"Tsaya, tsaya," in ji mai aski. "Kar ka ɗago. Mai mita! Ƙeyar nan mai tabo a hagu, ko cikin dubu na san ta. Sau nawa nake cewa a raina wanda ke yi wa mutumin nan aski ba ya tsoron Allah. Ashe haka fuskarka take."

"Matata ce take yi min."

"To, Allah ya ba ta lada, hannunta dai na ɗinki ne."

Suka zauna a bencin. Sunkuye ya faɗa masa abin da ya kawo shi, ban da zancen ƙaryar. Da ya zo kan famfo da gardamar gwiwoyinsa, mai aski ya yi dariya har da tari.

"Gwiwarka ta fi ka gaskiya. Famfon ai ɗauke shi suka yi daga gindin layi suka kai can sama, wai ya fi kyau a hoto. Ko ruwa babu a cikinsa. Ka ga inda kwandon sharar can yake? Nan ne mazauninsa."

Sunkuye ya dubi kwandon ya dubi tudun. Bai taɓa kawowa a ransa cewa ana ɗauke famfo ba. Gida ana rushewa, mutum yana mutuwa, amma famfo ai bututu ne ya riƙe shi. Ya miƙe zai fara ƙirga daga kwandon.

"Kar ka wahalar da kanka," in ji mai aski. "An haɗe wasu gidajen, an raba wasu, ƙirgarka ba za ta fita ba. Amma akwai wani tsohon murfi guda da ya gagari ma'aikatan. Abin ɗagawarsu kunne biyu yake kamawa, shi kuma ɗaya gare shi. Ƙarti uku suka yini a kansa, suka gaji suka zagaye shi da dutse suka tafi."

Sunkuye ya gyara riƙon ƙugiya, mai aski ya miƙe ya shige gaba.

A ƙarƙashin teburin wani shagon shayi suka same shi. Mai shagon, wata mata mai fara'a, ta yarda aka janye teburin, ta tsaya tana kallon tsofaffi biyu da sandar ƙarfe. Ga matakala uku, ta tsakiya an cike ɓallinta da siminti amma ana ganin tabon. Sunkuye ya miƙa wa mai aski wayar. "Riƙe min, kar ka taɓa komai."

Murfin nan ba da ƙarfi ake ɗaga shi ba. Sai ka taka kusurwar da ba ta da kunne da diddige, ka ɗan karkata, ka sa ƙugiya a ɗayan ka ja wajenka maimakon sama. Ya yi haka, murfin ya yi ƙara ya taso kamar jiya aka rufe shi. Ya durƙusa. Babu mita a ciki, sai guntun bututu da yanar gizo da busasshiyar ƙasa. Babban yatsansa ya kai kansa inda gilashi yake a da, ya goge iska.

Yana durƙushe a nan, daidai inda zaren ya faɗo, ya ce wa kansa to, sai a yi abin da ake ta cewa an yi. Ya ɗaga kai. Wuyan ya ƙi, ya dafa ƙasa da hannu ɗaya ya tilasta masa, wani zafi ya tsarga masa har kafaɗa. Hasken sama ya cika masa ido da ƙwalla. Da ya ƙifta ya ga tagogi uku a jere, farare, ƙanana, babu fure babu labule. Murfin kuma yana daidai tsakiyarsu, ko daga wacce aka jefo zare nan zai sauka.

"Wacce ce ta masu ɗinki?" ya tambayi mai aski.

"Ni ina ruwana da sama? Ƙeya nake kallo."

Mai shayi ta ce shekararta huɗu a gidan, saman kuma ɗakin ajiya ne, an fasa bangayen ciki tun kafin ta zo. Sunkuye ya daɗe yana kallon tagogin, ko ɗaya za ta yi masa wata alama. Babu wadda ta yi. Ya karɓi wayar ya ɗauke su, ukun tare, sannan ɗaya-ɗaya. Ya mayar da murfi, ya taka shi ya zauna daram.

A mota ya yi ta juya maganar. Ga koriyar taga a cikin waya, kyakkyawa, daidai da labari, babu wanda zai ce ba ita ba ce. Ga kuma farare uku da shi kansa bai san ta gaskiyar ba. Matar da ganinta ke ƙarewa, wanne ya kamata a sa mata a ido? In ya nuna koriyar zai faranta mata. In ya nuna fararen sai ya kwance shekara arba'in da biyu a gaban 'yarsa. Har ya sauka daga mota ta biyu bai tsayar da shawara ba.

Da yamma ya iso. Ta-Sama tana kujerarta kusa da ƙofa inda haske ya fi yawa. Auta ta karɓi wayar ta durƙusa gefenta tana turawa da yatsa.

"Baba, mene ne wannan? Dutse. Dutse. Takalminka. Dutse. Ƙafar wani. Hoto tamanin da shida na ƙasa, kana tafe kana dannawa ba ka sani ba." Sai yatsanta ya tsaya. "Mama, ga ta. Wallahi ga ta, har da labulen."

Ta-Sama ta kawo wayar dab da fuskarta, tana ɗan motsa kai don hoton ya shiga ɗan wurin da ya rage mata. Sunkuye yana tsaye yana kallon silifas ɗinta. Shiru kawai ake so ya yi, shi ke nan an gama.

"Ba ita ba ce," ya ce.

Auta ta ɗago.

"Gidan wani alƙali ne, bara aka yi fentin. Ki wuce gaba, akwai farare uku. Ɗaya daga cikinsu ce, ban san ko wacce ba." Ya ja numfashi. "Ban ɗaga kai ba ranar, Ta-Sama. Ko wata na biyu ban ɗaga ba. Ƙafarki na fara gani. Koren da furen da labulen duk ni na sa su."

Auta ta dubi uwarta. Uwar ta ce, "Tura min gaba."

Aka wuce sauran korayen. Kafin a kai ga fararen sai ga wani hoto a karkace, wanda mai aski ya ɗauka garin taɓa abin da aka ce kar ya taɓa. Daga sama aka ɗauke shi: bayan wani tsoho a durƙushe, furfura da tabo a ƙeya, hannu ɗaya a cikin rami, murfi a jingine gefe.

"Tsaya nan," in ji Ta-Sama. Ta daɗe a kansa. "Wannan na sani. Abin da nake gani ke nan duk wata, sai dai gashin baƙi ne lokacin." Ta sauke wayar a cinya. "Baban Auta, wa kake tsammani ya tsaya a tagar yana jira ka ɗago? Zare uku na jefo maka. Na huɗun da almakashi na yi niyya, sauran 'yan matan suka riƙe ni."

"Kin sani?"

"Tun kafin ka sani."

"To, me ya sa kika tambaye ni ko na gan ki?"

"Tsokana ce. Ina na san za ka ɗauke ta ka gina mata bene?"

"Kuma kika bar ni shekara arba'in da biyu?"

"Ina son koriyar. Tawa ko labule ba ta da shi, tsohon kwali muke karawa in rana ta yi yawa."

Sunkuye ya zauna a bakin gado. Yau dai tun safe babu abin da ya same shi a inda ya bar shi. "In haka ne, aiken me kika yi min? Mota huɗu, gwiwata kamar ba tawa ba."

Ta juyo gaba ɗaya, yadda take yi yanzu in tana son ganin mutum. "Likita ya ce watanni ne. Bayan nan duk abin da ka ce min akwai, shi ne akwai. In ka ce riga ta yi min kyau, in ka ce jikanmu ya yi ƙiba, in ka ce babu rami a gabana. Labari na sha shi na ƙoshi, na kuma gode. Yanzu ido nake nema, ba na son mai ƙari." Ta miƙa wa Auta wayar. "Ajiye wannan. Ka ɗaga kan yau?"

"Na ɗaga."

"To, faɗa min abin da ka gani."

Ta rufe ido ta jingina. Ya fara a hankali, kamar mai karanta mita. Tagogi uku ne, farare. Ta hagu gilashinta ɗaya ya tsage an liƙe da takarda. Ta tsakiya ta fi sauran tsawo da kamar tafin hannu. Ta dama akwai kashin tsuntsu a dakalinta.

"A jikin katakon ɗaya daga ciki akwai wata doguwar ƙusa ta waje," ta ce. "Nan nake rataye ƙyalle ya bushe. Akwai ta?"

Bakinsa ya buɗe da kansa, amsar da ya saba bayarwa har ta hau harshe. Auta tana kallonsa. Ya dubi fuskar matarsa, ba silifas ɗinta ba, wuyan yana yi masa zafi.

"Ban duba ba," ya ce.

Ta yi murmushi, idonta a rufe. "Madalla. Gobe sai ka koma ka duba. Yanzu ɗauko maganin, lokaci ya yi."